Hoto, bidiyo, saƙon murya ko takarda: da wace hanya za a tantance labarin da ya faɗo a waya?

Mai kula da zauren WhatsApp a Damagaram, na ƴan kasuwar Dole ne, na iyayen ƴan makaranta ne ko na dangi, kusan kullum sai ya yanke hukunci a kan wani saƙo: a bar shi, a goge shi, ko a ja kunnen wanda ya turo. Hanyoyin da ke hannunsa huɗu ne. Akwai binciken asalin hoto ta Google Lens ko TinEye, akwai shafukan masu tantance labarai, akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Meta AI, sannan akwai ɗaukar salula a kira wanda abin ya faru a gabansa. Kowace da irin ƙaryar da take kamawa da irin wadda ke wuce ta, don haka irin saƙon da ya zo shi ne zai nuna wadda za a ɗauka.

Abin da aka fi cin karo da shi ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Tsohon abu ne aka yi wa sabon kwanan wata, ko abin da ya faru a Kano, Zamfara, Cadi ko Sudan aka liƙa masa sunan Magarya ko Tanut. Hoton na gaske ne, mutanen da ke ciki na gaske ne, rubutun da ke ƙasansa ne ƙarya. Wanda ya riƙe wannan zai daina tambayar "an haɗa hoton nan ne?", ya koma tambayar "yaushe aka ɗauke shi, kuma a ina?"

Binciken asalin hoto

A kan tsohon hoto babu hanyar da ta kama ƙafar wannan. A wayar Android, buɗe manhajar Google, taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin rubuta tambaya, zaɓi hoton daga cikin hotunan WhatsApp. Sakamakon farko yakan cika da hotuna masu kama da naka, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata, su ga wata gobara daban su ce sun gano. Nemi sashen da ke nuna hoton kansa, wanda a wayar da aka saita da Faransanci ake rubuta «Correspondances exactes», ka bi shafukan kana duba kwanan watan kowane. Abu guda kake nema: wani wuri da hoton ya fito kafin ranar da aka ce abin ya faru. In an ce jiya aka ɗauka kuma ga shi a wata jarida ta 2019, magana ta ƙare.

TinEye, wanda wani kamfanin Kanada ya buɗe a 2008, ba ya buƙatar manhaja. Ka shiga tineye.com, ka ɗora hoton, ka sa a jera sakamakon daga mafi tsufa ta zaɓin «Oldest». Ya fi Lens sauƙin karantawa, domin kwafin hoton kawai yake kawowa ba masu kama da shi ba, amma rumbunsa bai kai na Google ba, musamman a kan hotunan yankinmu. Kwanan watan da yake nunawa kuma ranar da shi ya fara ganin hoton ce, ba ranar da aka ɗauka ba, hoton zai iya girme ta da shekaru. Yandex na Rasha yakan yi kyau wajen gane gine-gine da tituna, ya cancanci gwaji na uku in biyun farko sun dawo hannu rabbana.

Bidiyo ba a ɗora shi kai tsaye. Tsayar da shi a wurare huɗu ko biyar, ka ɗauki hoton allo a kowane, ka fifita inda aka ga gini, allon shago, gada ko mota a fili, ba inda kyamara ke girgiza ba. Datse baƙin gefen sama da ƙasa, da rubutun da aka ɗora, da tambarin TikTok, domin su ne ke rikita binciken. In rubutun da ke jikin riguna ko alluna ya fito a juye, an juya bidiyon ne don kada a gane shi. Juya hoton allon da manhajar gyaran hoto ta waya kafin ka bincika. Mai kwamfuta yana da sauƙi: InVID-WeVerify, ƙarin da ake sa wa Chrome kyauta, wanda kamfanin dillancin labarai na AFP ke cikin masu haɗa shi, yana yanka bidiyo zuwa hotuna da kansa ya tura su wurin bincike da yawa lokaci guda. Ba a yi shi don salula ba, don haka ya fi dacewa da gidajen rediyo da ɗaliban Jami'ar André Salifou fiye da mai shago.

Raunin hanyar nan babba ne, kuma ya shafe mu fiye da wasu. Google da TinEye ba sa ganin abin da ke cikin WhatsApp, abin da ke Facebook da TikTok ma kaɗan suke gani. Hoton da aka ɗauka a Dungas shekara uku da suka wuce, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya bai taɓa hawa wani shafi ba, bincike zai dawo babu komai. Wannan "babu komai" ba shaida ce cewa hoton sabo ne ba. Kuma kada a ɓata lokaci wajen neman ranar ɗauka a cikin bayanan hoton, WhatsApp yana goge su idan aka tura shi a matsayin hoto. Sai in mai hoton ya turo shi a matsayin takarda daga wayar da ta ɗauka ne bayanan ke tsira. Ga kuma matsalar forfe: in na WhatsApp da Facebook kaɗai ka saya, Google ba zai buɗe ba. Binciken hoto guda bai cin mega mai yawa, sauke bidiyon kansa ya fi shi ci.

Idan na'ura ta gaza, ido ya karɓa. Lambar motar Nijar tana ɗauke da RN, ta Najeriya tana ɗauke da sunan jiha. Allunan shaguna da na hanya, da Faransanci ko da Ingilishi? Kakin jandarma da na garde nasiyonal ba irin na ƴan sandan Najeriya ba ne. Saurari masu magana a bayan fage: naira suke ambata ko jika da dala? Duba ƙasa da sama. Ciyawa kore shar a bidiyon da aka ce na watan Maris ne, ko hazon hunturu a wanda aka ce na Agusta ne, ya isa a ajiye shi gefe. Misali na kusa: tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe sakamakon ruwan sama a watan Satumba 2024. Bidiyon rushewar gaskiya ne, amma duk daminar da wani ya sake turo shi da rubutun "yanzu-yanzu" ya zama ƙarya, kuma ɗan gari zai gane haka kafin kowace manhaja.

Shafukan masu tantance labarai

Nan wasu ne suka riga suka yi aikin, kai karantawa kawai za ka yi. Africa Check ta fara a Afirka ta Kudu a 2012, tana da ofis a Dakar mai aiki da Faransanci. AFP Factuel yana bin abin da ke yawo a ƙasashen Sahel. PesaCheck ma yana rubutu da Faransanci, Dubawa kuma, da aka kafa a Najeriya a 2018, yana fitar da wasu bincikensa da Hausa. Maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya, akwai Fact Check Explorer na Google, inda za ka rubuta kalmomi biyu ko uku na labarin ya tattaro maka abin da aka riga aka tantance. Gwada da Faransanci, sannan da Ingilishi, domin da Hausa sakamakon kaɗan ne.

Sun fi ƙarfi a kan abin da ya ƙetare iyaka. Hotunan takardun kuɗi da ake cewa na ƙawancen AES (Nijar, Mali da Burkina Faso) ne, magungunan da ake cewa suna warkar da komai, bidiyon shugabanni da aka sa musu maganar da ba su yi ba. A watan Mayu 2025 an yaɗa wani dogon bidiyo na Fafaroma Leo na 14 yana jawabi ga Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina Faso, fadar Batikan ta fito ta ce haɗa shi aka yi. Irin wannan ba sai ka wahala ba, minti biyu na bincike ya isa. Ƙarin amfaninsu shi ne suna nuna yadda suka gano, kana iya bin sawun da kanka in ba ka yarda da su ba, kuma ya kamata ka bi. Shafin da ya ce "ƙarya ne" bai nuna tsohon hoton ko takardar da ya dogara da ita ba, bai fi wanda ya turo saƙon ba.

Amma suna da nawa. Binciken kirki yakan ɗauki yini ko kwanaki, saƙon kuwa ya gama zaga gari kafin la'asar. Sannan babu wanda zai zauna a Dakar ko Abuja ya tantance jita-jitar cewa an rufe hanyar Matamaye ko an kama masu satar yara a Garin Malam. Ƙaramin labari na cikin gida, wanda shi ne ke tayar da hankali a unguwa, ba ya kaiwa gare su.

Tambayar ƙirƙirarriyar basira

Ita ce mafi sauƙi, shi ya sa take yaɗuwa, kuma a matsayin alƙali ita ce mafi rauni. Waɗannan manhajoji suna harhaɗa amsa ne daga rubutun da aka horar da su a kai. In babu rubutu a kan abin da ya faru a Mirya da safiyar yau, sau da yawa ba za su yi shiru ba, za su kawo amsa mai tsari da daɗin karantawa, wani lokaci har da sunan jarida da kwanan watan da babu su. Yadda ka yi tambayar ma yana jan amsar: ka ce "tabbatar min cewa gaskiya ne", ta karkata can. Hausarsu kuma ba ta kai Faransancinsu ba. Shafukan da ke cewa suna gane hoton da na'ura ta ƙirƙira su ma suna kuskure ta fuska biyu, musamman a kan hoton da WhatsApp ya matse har ya dusashe, don haka "kashi kaza cikin ɗari" da suke nunawa ba hujja ba ce.

Inda suke da amfani shi ne aikin ɗan aike: fassara wata sanarwa daga Larabci ko Ingilishi, karanta rubutun da ke jikin allo a cikin hoto, ba ka kalmomin da za ka bincika da su. In ta kawo adireshin shafi, buɗe shi ka karanta da idonka. Hoton allo na amsar Meta AI da ake turowa zaure a ce "ga tabbaci", a ɗauke shi kamar kowane saƙo marar tushe.

Kiran waya da bin sawun saƙo

Saƙon murya shi ne ya fi yawo a nan, domin ba ya buƙatar iya karatu, kuma babu ɗaya daga cikin hanyoyi ukun can da ke iya masa komai. Ba a binciken murya a Google. Abin da ya rage shi ne a bi shi kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, har a kai ga wanda ya gani da idonsa ko a ga inda igiyar ta tsinke.

Fara da saƙon kansa. Mai maganar ya faɗi sunansa, da wuri, da rana? "Jiya da dare a wani ƙauye kusa da iyaka" zai dace da kowace rana da kowace iyaka, shi ya sa irin wannan saƙo ke dawowa duk shekara. "Wani likita ya ce", "wani babban soja ya gaya wa ɗan uwana", rantsuwa da yawa, da roƙon "don Allah ka tura wa duk musulmi" alamu ne na saƙon da aka gina don ya yi tafiya. Duba kibiyar da ke samansa. Kibiya biyu na nufin ya bi ta hannu biyar ko fiye kafin ya iso, kuma tun 2020 WhatsApp ba ya bari a tura irinsa sai zuwa wuri guda a lokaci guda. Rashin kibiyar ba ya wanke saƙo, domin wanda ya sauke shi ya sake ɗorawa ya goge alamar.

Sannan a kira wanda ya turo, a keɓe, ba a cikin zaure ba: "Alhaji, saƙon nan da ka sa, wa ya turo maka? Ka san mai maganar?" Yawanci a mataki na biyu ko na uku za a ji "ni ma a wani zaure na gani". Daga nan a nemi mutum biyu da ke wurin, waɗanda ba su san juna ba kuma ba daga waya suka ji ba. A kan hanya da iyaka, direbobin tasha da suka iso yau sun fi kowa sani. An rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a watan Maris 2024, kuma saƙonnin wancan lokaci suna nan a wayoyin mutane, in wani ya sake turo ɗaya, sai ɗan kasuwa ya fasa tafiya Kano a banza. A kan farashin hatsi, dillali a kasuwar da aka ambata. A kan rikici ko sata, mai unguwa, mai gari ko wakilin gidan rediyo. Tambayar ita ce "me ka gani?", ba "ka ji labarin kaza?" ba, domin ta biyun tana sa wa mutum amsa a baki.

Maganar lafiya ba ta jiran dogon bincike. A 2014, lokacin Ebola, saƙon da ya ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya kashe mutane a Najeriya, ya kwantar da wasu a asibiti. Jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ta sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jaharmu ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 da farkon 2023, ta ga mashaƙo a yankin Matamaye a 2023. Saƙon da ke cewa a ƙi allura ko a sha wani haɗi, a cire shi daga zaure tukuna, a tambayi manjo na asibitin unguwa daga baya.

Hanyar nan tana cin kredi, tana cin lokaci, kuma shaida ma yana iya ƙari ko ya ji tsoron magana a waya, musamman kan tsaro. Duk da haka a kan labarin cikin gida babu madadinta.

Takardun hukuma da saƙon kyauta

Waɗannan biyun ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin manhajojin. Takarda mai hatimi da taken «Fraternité – Travail – Progrès» a sama, kowa na iya haɗa ta a waya cikin minti goma ta hanyar goge rubutun wata tsohuwa. Duba lambarta, da ranar da ke jiki ko ta dace da kalanda, da wanda ya sa hannu ko har yanzu shi ke kan muƙamin, da ko harufan tsakiya sun bambanta da na sama. Amma gwajin da ya fi duka shi ne: babban mataki na gwamnati, irin canjin farashin mai, ranar hutu ko jarrabawa, ana karanta shi a Télé Sahel da Voix du Sahel, ya fito a jaridar Le Sahel da shafin ANP, kamfanin dillancin labarai na ƙasa. In har labaran dare suka wuce ba a ambata ba, a ajiye takardar. Studio Kalangou, da ke watsa shiri da Hausa ta gidajen rediyon da ke hulɗa da shi tun 2016, wuri ne na biyu da za a saurara. Maganar kuɗin sefa ta BCEAO ce, babban bankin da ke fitar da kuɗin, kuma tana da reshe a nan Damagaram. Sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato gaskiya ce, amma ta Najeriya ce. Ta Nijar daga Majalisar Musulunci ta ƙasa take fitowa, kuma ranakun ba kullum suke haɗuwa ba.

A Facebook, shuɗin maki ya daina zama hujja tun da aka fara sayar da shi a 2023. Shiga «Transparence de la Page» ka ga ranar da aka buɗe shafin da sunayen da ya taɓa amsawa. Shafin "ma'aikata" da aka buɗe makon jiya, ko wanda bara yake tallar atamfa, ya bayyana kansa.

Saƙon kyautar mega, tallafin kuɗi ko ɗaukar aiki kuwa, a karanta adireshin kafin a taɓa. Abin dubawa shi ne kalmomin da ke zuwa daf kafin layin karkace (/) na farko da ke biye da sunan shafin. Na gwamnatin Nijar da gouv.ne suke ƙarewa. In an rubuta sunan ma'aikata ko na kamfanin waya a farko, amma ƙarshen ya zama blogspot.com ko xyz, na ɗan damfara ne. Duk wanda ya ce sai ka tura wa zaure goma kafin ka karɓa ɗan damfara ne, wanda kuma ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka ta SMS, asusunka yake so ya ƙwace. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, ka sa lambar sirri mai shida, ya rufe wannan ƙofa.

Ga wanda forfe ɗinsa da lokacinsa ba su da yawa, shawararmu ita ce ya ƙware a biyu: Google Lens don hoto da bidiyo, da jerin lambobin mutane biyar ko shida da ya amince da su, a tasha, kasuwa, asibiti, gidan rediyo da wurin mai unguwa. Shafukan tantancewa a leƙa su idan labarin ya shafi ƙasa da ƙasa. Mai kula da zaure kuma ya san cewa akwai doka: mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, wadda gyaran watan Yuni 2024 ya tsananta, ta tanadi ɗauri da tara ga mai yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, kuma "ni ma turo min aka yi" ba kariya ce da za a dogara da ita ba.

Idan aka gano saƙo ƙarya ne, a goge shi, kada a sake turo shi tare da gyaran, domin mutane bidiyon za su kalla su tsallake rubutun. Gyaran ya zo ta hanyar da ƙaryar ta zo: in da murya ta shigo, a mayar da murya, gajere, ƙasa da minti guda, a faɗi gaskiyar da farko, sannan inda aka samo ta, a haɗa da hoton allo na tsohon shafin mai kwanan wata. Wanda ya turo, in dattijo ne, a fara yi masa magana a keɓe a ba shi damar janyewa da kansa. WhatsApp yana ba mai kula da zaure kimanin kwana biyu ya goge saƙon wani ga kowa, bayan haka sai dai kowa ya goge nasa.